Bayan Ɗora Weber a Kan Injin 22R: Yadda Ake Jona Tiyoyin Iska da Saita Kafireta

Ranar da muka ɗora sabuwar kafireta da sabon manifol (bututun da ke raba haɗin mai da iska ga silinda) a kan tsohuwar Hilux ɗina, tiyoyin robar da suka rage a ƙasa sun kusa cika bokitin fenti. Yaron gareji ya dube su, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, waɗannan duk ƙawar Bature ce, mota ba ta buƙatarsu." Ya ɗauki ƙusa ya cusa a bakin wani, ya ɗaure wani da leda, ya haɗa biyu a kan mahaɗa guda, aka tayar. Ta kuwa tashi. Sai dai silo, wato gudun inji a tsaye ba a taka totur ba, ya ƙi zama, in ka taka birki inji ya yi kamar zai mutu, in ka kashe makulli ya ci gaba da kakari kamar tsohon janareto. Sati biyu muna murɗa kafireta, har na fara rantsuwa jabu aka sayar mini. Ashe baiwar Allah ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, tiyon distirbuta kuma yana kan bakin da ba nasa ba.

Zan yi bayanin ne a kan injin da na fi sani, wato Toyota 22R mai silinda huɗu da girman cc 2,366, wanda ya fito a 1981, idan aka cire masa kafiretarsa ta asali ƙirar Aisan aka ɗora Weber 32/36 mai maƙogwaro biyu, ko dai a kan sabon manifol irin na Offenhauser, ko a kan tsohon manifol da adafta. Mai Land Cruiser mai injin 2F, da mai Fijo 504, da wanda ya mayar da motarsa daga injekta zuwa kafireta kamar yadda ake yawan yi a garejojinmu, duk ƙa'idar ɗaya ce gare su. Alkaluma ne kawai za su bambanta.

Zuƙa iri biyu ce, daga nan ake ɓata

In fistan ya sauka bawul ɗin shiga yana buɗe, yana zuƙar iska. In faifan totur yana rufe, iskar ba ta samun isasshiyar hanya, sai cikin manifol ya zama kamar bakin mai tsotsar lemo ta tsinke. Wannan zuƙar ita kanikawa ke kira bakum, kuma da ita masu ƙera mota ke sarrafa abubuwa da yawa ba tare da wutar lantarki ba.

Bakin da aka huda a ƙasan faifan totur, ko a jikin manifol ɗin kansa, yana zuƙa da ƙarfi a silo, ya yi rauni in ka danne totur ƙasa. Wannan zan riƙa kiranta zuƙar manifol. Akwai kuma ɗan ramin da aka huda dab da saman gefen faifan. Muddin totur yana rufe, ramin yana ɓangaren iskar waje, ba ya zuƙar komai. Da faifan ya ɗaga kaɗan ya wuce ramin, sai zuƙa ta bayyana. Wannan ita ce zuƙar totur.

Ido ba ya bambance su, domin bakunan kamanninsu ɗaya. Tayar da inji ka ɗora yatsa: wanda ya kama maka fata a silo na manifol ne, wanda ya yi shiru sai ka taɓa totur ya kama shi ne na totur. A jikin Weber 32/36 galibi ƙaramin baki ɗaya za ka tarar a gindi, kusa da sukurun mai, kuma na zuƙar totur ne. Wasu suna da na biyu a toshe, na EGR, wato na'urar da ke mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin inji. Duk abin da ke buƙatar zuƙar manifol sai dai ya samu daga manifol ko daga jikin adafta.

Kayan aiki, da abin yi kafin a kwance

Gejin bakum shi ne kan gaba. Ba shi da tsada, kuma yawancinsu suna auna matsin famfon mai ma, ka ga jifa ɗaya tsuntsu biyu ke nan. Sai fitilar taimin (mai nuna lokacin da fulogi ke ba da wuta), da filagejin bawul, da gwangwanin feshin wanke kafireta, da sabon tiyo ƙarami mai faɗin ciki milimita 3.5 zuwa 4, da babba mai kimanin milimita 10, da kilif, da murafen roba na toshe baki. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za ka haɗa mafi yawansu. Kada ka mayar da tsoffin tiyoyi. Robar da ta sha zafin inji da ranar bazara shekara da shekaru tana tsagewa daga baki, a wurin da ido ba ya gani.

In ba ka riga ka kwance ba, ɗauki hoto da wayarka ta kowane gefe, ka manna wa kowane tiyo takarda ka rubuta inda ya fito da inda ya nufa. In aikin gama ya gama, ɗaga bonet ka duba cikinsa, wataƙila takardar taswirar tiyoyi tana nan manne. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, musamman ta Kalifoniya, su ne masu tiyoyi kamar taliya saboda dokokin hayaƙi, kuma a can cire waɗannan kayan daga motar da ke hawa titi laifi ne. Waɗanda aka ƙera wa kasuwannin Afirka da ƙasashen Larabawa nasu bai kai haka ba.

Zaman manifol da kafireta

Rabin ɓarauniyar iska daga nan take samo asali. Kankare tsohon gasket tas daga jikin kan inji, ka sa sabo, ka ɗaure daga tsakiya zuwa gefe-gefe, kaɗan-kaɗan. Notocin manifol na 22R ba sa son ƙarfin tuwo, Nm 19 a kan sufanar auna ɗauri ne ƙa'idarsu. Ka tuna ruwan lagireto yana ratsa wannan manifol ɗin, saboda haka gasket ɗin da bai zauna ba yana iya ba ka yoyon iska da na ruwa a lokaci guda.

In da adafta za ka yi, dinga zarginsa tun kafin ya yi laifi. Mai faranti biyu ya fi kowanne fitina, domin mahaɗa uku ke nan, kowace tana iya shan iska. Shimfiɗa takardar yashi mai laushi a kan gilashi, ka goga fuskar farantin a kai. Duk inda bai taɓu ba lotsawa ce, ci gaba da gugar har fuskar ta yi bai ɗaya. Sukurun da ke ɓoye a ƙarƙashin faranti na sama ka sa musu ruwan kulle zare, don in suka saki ba za ka gan su ba sai ka sake kwance komai. Notoci huɗun gindin kafireta kuwa da ƙaramar sufana ake ɗaure su, a gicciye. Wanda ya matse su da ƙarfi ya lanƙwasa gindin, ya saya wa kansa yoyon da babu gasket ɗin da zai rufe.

Tiyoyi huɗun da mota ba ta rayuwa sai da su

Na farko shi ne na bustar birki, wannan baƙin tulun da ke bayan masta. Zuƙar manifol yake so, daga babban baki, kuma shi kaɗai. Kada ka haɗa shi da kowa. Tiyonsa mai zare a ciki ne, wanda ba ya lotsewa. Tiyon ruwa na gida yana shiga daidai, amma da ya ji zafi sai zuƙa ta manne shi, birki ya koma kamar ka taka dutse. A kan layin, ko a bakin tulun, akwai bawul mai hanya ɗaya. Hura shi da baki ka gani: iska ta wuce daga ɓangaren tulu zuwa ɓangaren inji, ta ƙi komawa. In ka juya shi baibai, ba ka da busta. Gwajinsa kuma mai sauƙi ne. Inji a kashe, taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, riƙe shi a take, ka tayar. Ya kamata feda ta ɗan nutse a ƙarƙashin ƙafarka. In ba ta motsa ba, kada motar ta fita daga gareji.

Na biyu shi ne na PCV, ɗan bawul ɗin da ke cushe a murfin kan inji. Aikinsa janye tururin baƙin mai da hayaƙin da ya tsallake ringi ya faɗa cikin inji, ya mayar da shi a ƙone. Shi ma zuƙar manifol yake so, amma wurin jona shi yana da muhimmanci: a tsakiya, dab da gindin kafireta, inda iskar za ta rabu ga silinda huɗun. In ka jona shi a reshen silinda ɗaya, wannan silindar za ta riƙa shan iska fiye da 'yan uwanta, fuloginta ya riƙa ɓaci shi kaɗai kana mamaki. Girgiza bawul ɗin a kunnenka, lafiyayye yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani.

A tawa motar, waɗannan biyun yaron ya haɗa a kan mahaɗa mai baki uku, don manifol ɗin babban baki ɗaya muka buɗe masa. Da na zare tiyon busta bayan sati biyu, sai ga baƙin mai yana ɗiga daga cikinsa, ya jiƙa mini tafin hannu. PCV yoyo ne da aka yi da gangan, aka auna shi, saboda haka yana rage wa busta ƙarfi. Tururin man kuma yana cin tantanin robar da ke cikin tulun. In manifol ɗinka baki ɗaya gare shi a buɗe, duba jikinsa da kyau, yawanci akwai wasu ramukan masu zare da aka toshe da noti. Cire ɗaya ka ɗaura masa baki.

Na uku abokin PCV ne, wato ɗaya bakin da ke kan murfin, wanda ba shi da bawul. Ta nan iska mai tsabta ke shiga ta maye gurbin wadda aka janye. Gindin matatar iska ake kai shi, ba manifol ba. In ka kai shi manifol ka buɗe wa inji ƙatuwar ƙofar iska. In kuma ka toshe su duka biyun, kamar yadda na ga wasu suna yi wai don tsabta, matsi ya taru a cikin inji ya riƙa turo baƙin mai ta kowane sil. In ka bar shi a buɗe yana kallon sama, ƙurar hunturu ta samu hanyar shiga cikin manka kai tsaye.

Na huɗu shi ne wanda ake ta musu a kansa, tiyon distirbuta. A gefen distirbuta akwai ɗan gwangwani mai tantanin roba a ciki. In zuƙa ta ja shi, sai ya sa fulogi ya ba da wuta da wuri. Dalili kuwa, lokacin da kake tafiya a hankali da ɗan totur, abin da ke shiga silinda kaɗan ne, a hankali yake cin wuta, saboda haka yana buƙatar a kunna shi tun da sauran lokaci. Mai cire wannan tiyon ya yar, motarsa za ta yi tafiya, amma za ta sha mai ta kuma riƙa ɗaukar zafi a doguwar hanya. A kan Weber 32/36 wurinsa shi ne ƙaramin bakin nan na zuƙar totur.

Kafin ka jona, cire murfin distirbuta, ka sa tiyon a bakinka ka tsotsa. Farantin ciki ya motsa, in ka toshe tiyon da harshe ya tsaya a inda yake. In kana ta tsotsa kamar mai shan iska, tantanin ya yage: ba ya matsar da wuta, ga shi kuma ya zama ƙofar ɓarawo.

Wasu distirbutocin 22R baki biyu gare su. Ɗaya babba ne, na tafiya, shi ke zuwa zuƙar totur. Ɗayan ƙarami ne, yana kan zuƙar manifol, aikinsa ƙara wa wuta sauri a silo. Hoton da ka ɗauka zai raba maka gardama: wanda tsohon tiyonsa ya nufi gefen kafireta shi ne babba, wanda kuma ke da ɗan bawul mai hanya ɗaya a kan layinsa galibi shi ne ƙaramin. Ni dai shawarata ka fara da babban kaɗai, ka rufe ƙaramin don ƙura, ka biya shi da ɗan ƙarin taimin. In komai ya zauna kana iya gwada jona shi daga baya. Masu manyan injinan Amurka masu silinda takwas da yawa sun fi son ɗora distirbuta a kan zuƙar manifol gaba ɗaya, don silo ya yi santsi inji ya rage zafi, kuma suna da hujja a irin nasu injin. Amma wanda ya kwaikwaye su a 22R ba tare da ya sake auna taimin ba, zai tarar da silo ya haura, ya rage shi da sukuru, sannan da ya taɓa totur zuƙa ta faɗi, wuta ta ja baya, mota ta yi tuntuɓe. Abin da ya same ni ke nan.

Sauran tarkacen

Tiyoyin da ke hidimar tsohuwar Aisan, na buɗe cok (faifan da ke rage iska don inji mai sanyi ya tashi) da na ƙaramin famfonta na taimako da makamantansu, sun tafi da uwar gijiyarsu. Abin lura kawai shi ne inda suke samun zuƙa a da. Duk bakin da ya rage a jikin manifol, rufe shi da murfin roba na gaske ko noti mai zare. Ƙusa a cikin tiyo tana shan iska ta gefenta, leda kuma tana narkewa. Toshe bakin na'urar da ka daina amfani da ita ba ya hana yoyo, ɓangaren manifol ne ke zuƙa.

EGR, in za ka bar shi, kada ya taɓa ganin zuƙar manifol, domin zai buɗe a silo ya cika inji da hayaƙin salansa ya kashe shi. In ka cire shi, rufe gurbinsa da farantin ƙarfe da gasket. Gwangwanin gawayi kuwa ta nan tankin mai ke numfashi. Kada ka toshe layin da ya taho daga tanki, in ba haka ba wata rana ka buɗe murfin tanki ka ji ya yi tsaki, ko mota ta mutu a hanya kamar mai ya ƙare alhali tanki cike. Kai mafitar gwangwanin gindin matatar iska. In motar tana da esi, ka sani abin da ke ɗaga silo in an kunna shi ya tafi tare da Aisan, sai ka bar silo ɗan sama kaɗan.

Mai, kafin a taɓa kowane sukuru

Weber ba ta son matsi. Psi 2.5 zuwa 3 take so, kada ya wuce 3.5. Famfon asali yakan zarce haka, musamman in an toshe layin da ke mayar da rarar mai tanki, saboda haka bar wannan layin a buɗe, ka auna, in ya yi yawa ka sa regileta. Matsin da ya wuce kima yana danne allurar fulot (ɗan tulun da ke yawo a kan mai, ya rufe hanyarsa in kafireta ta cika), mai ya riƙa tsiyaya cikin maƙogwaron kafireta, kai kuma kana can kana neman jet, wato ɗan sukurun mai rami da ke auna man da ke wucewa.

Sabuwa ce ko tsohuwa, buɗe murfinta ka auna fulot, don jijjigar hanya tana karkatar da shi tun a kwali. Na tagulla milimita 41 ne daga fuskar murfi, na roba 35, a lokacin da harshensa ya taɓa allura bai danne ta ba. In Weber ɗinka ƙirar DGEV ce, cok ɗinta na lantarki ne, yana son wayar bolt 12 da ke kawo wuta in an murɗa makulli kawai. DGV cok ɗin hannu gare ta, DGAV kuma na ruwan zafi. Kebul ɗin totur ka bar masa ɗan sako-sako, sannan wani ya danne feda kai kana kallo, ka tabbata maƙogwaro na biyu yana buɗewa har ƙarshe. Wani ɗan tsokaci: Weber ta asali a Bolonya ta ƙasar Italiya aka fara ƙera ta, tun 1992 kuma aikin ya koma Sifen. Kwaikwayonta sun cika kasuwa, kuma a irinsu lambar da ke jikin jet ba kullum take faɗin gaskiya ba.

Farautar ɓarauniyar iska

Jona geji a zuƙar manifol, ka bar inji ya yi zafi sosai. Lafiyayyen inji a gaɓar teku yana nuna inci 17 zuwa 21, allura a tsaye cik. Kowane hawan mita 300 yana rage kimanin inci ɗaya. Kano tana wajen mita 480, saboda haka cire inci ɗaya da rabi. Jos tana wajen mita 1,200, cire huɗu. Mutumin Jos da ya ga 15 kada hankalinsa ya tashi.

Allura ta tsaya amma ƙasa da kima: ko taimin ya yi latti, ko akwai yoyo. Tana yawo a hankali sama da ƙasa: haɗin mai da iska bai daidaita ba. Tana faɗuwa tana tashi a kan kari ɗaya kamar kiɗa: bawul ne ko fulogin silinda ɗaya, wannan ba aikin kafireta ba ne. Ka fizgi totur ka saki, ya kamata ta faɗi kusan sifili, ta yi tsalle ta wuce inda take, ta dawo.

Don gano wurin yoyon, matse kowane tiyo da filaya ɗaya bayan ɗaya. In ka matse na busta silo ya gyaru, tulun ne ya fashe. Sannan ɗauki feshi ka bi mahaɗa-mahaɗa: gindin kafireta, tsakanin farantan adafta, inda manifol ya haɗu da kan inji, bakin sandar totur. Inda murya ta canza, nan ɓarawon yake. Fesa kaɗan-kaɗan, nesa da wayoyin fulogi da salansa, abin kashe gobara kuma yana kusa. Wanda ba ya son feshi ya sa guntun tiyo a kunne ya riƙa zagayawa da ɗaya bakin, zai ji tsaki. Akwai kuma gwajin tafin hannu: rufe rabin bakin kafireta a hankali. In inji ya ƙara gudu maimakon ya shaƙe, yana samun iska daga wani wuri.

Kada ka wuce wannan matakin sai ka rufe kowace kafa. Duk saitin da aka yi a kan yoyo, rana ɗaya yake kwana.

Bawul, taimin, sannan sukuru

Jerin ke nan, kuma ba a tsallake shi. Bawul na 22R da zafi ake auna su: milimita 0.20 na shiga, 0.30 na fita. Gibin fulogi 0.8. Daga nan zare tiyon distirbuta ka toshe ɓangaren kafireta, ka haska fitila a kan fuli. Adadin kamfani ya bambanta daga shekara zuwa shekara, yana rubuce a takardar bonet. In ka rufe ƙaramin bakin nan na distirbuta, fara da digiri 5 kafin fistan ya kai ƙololuwa, kana iya matsawa zuwa 8 in inji bai yi ƙorafi ba. Ƙorafinsa shi ne ƙarar nan kamar ana kaɗa tsakuwa a kwano in ka ɗauki kaya ko ka hau tudu. Da ka ji ta, ja baya digiri biyu. Mayar da tiyon, ka ɗaga totur kana haskawa, ka ga alama tana gudu gaba.

Sukuru biyu ne a gabanka. Na silo yana tura hannun totur, na mai yana gindi. Tabbatar cok ya buɗe gaba ɗaya. Warware na silo har ya rabu da hannun totur, mayar da shi har ya taɓa, ka ƙara zagaye ɗaya da rabi, iyakarsa ke nan. Na mai kuma murɗa shi ciki a hankali har ya zauna, ba tare da matsewa ba don bakinsa allura ne, ka warware zagaye biyu. Tayar. Inji zai yi ƙasa-ƙasa kamar tarakta, ƙyale shi. Riƙa shigar da na mai kwata-kwata, kana jira 'yan daƙiƙu bayan kowace murɗa, har inji ya fara tangaɗi. Sai ka riƙa warwarewa har murya ta yi santsi, allurar geji ta kai iyakarta. In ka ci gaba babu ƙari, dawo daidai inda ƙarin ya tsaya. Yanzu ne za ka taɓa na silo, ka kai juyi 750 zuwa 850 a minti.

Ga sirrin iyakar nan ta zagaye ɗaya da rabi. Dab da saman faifan totur akwai ƙananan ramuka da ke ba da mai a daidai lokacin da ka fara takawa. In ka tura sukurun silo da yawa, faifan ya buɗe su tun a silo. Sai sukurun mai ya daina jin magana, mota ta sha mai a tsaye, ta yi tuntuɓe in za ta tashi, in ka kashe kuma ta ci gaba da kakari. Shaidar tana hannunka: jona geji a bakin zuƙar totur. A silo sifili ya kamata ka gani. In allura ta ɗaga, faifan ya buɗe da yawa, kuma abin da ya tilasta maka buɗe shi yana bayanka, ko yoyo, ko taimin da ya yi latti, ko ƙaramin jet.

Sukurun mai ma yana ba da labari. In sai da ka warware shi fiye da zagaye biyu da rabi kafin inji ya ji daɗi, jet ɗin silo ya yi ƙanƙanta. In ƙasa da ɗaya da rabi ne, ya yi girma. Galibi kafiretar tana zuwa da jet ɗin silo mai lamba 60 a maƙogwaron farko, 50 a na biyu, manyan jet kuma 140. Mataki ɗaya ake hawa ko sauka, 55 ko 65, kuma jet ake saya, ba a yashe raminsa da waya.

A kan titi

Zura dogon tiyo daga manifol zuwa cikin mota ka rataye geji inda za ka gan shi. Jet ɗin silo ba silo kaɗai yake riƙe ba, shi ke ciyar da mota a tafiyar cikin gari har wajen juyi 2,500, saboda haka yawancin abin da za ka ji daga gare shi ne. Tari ta bakin kafireta, ko fizge-fizge a tafiya mai laushi, ƙarancin mai ne. In tuntuɓen a farkon takawa yake kawai, kashe inji ka leƙa maƙogwaro kana murɗa totur, ka ga ko famfon totur yana tsarto mai siriri ba yankewa. Baƙin hayaƙi da warin da ke sa ido hawaye yawan mai ne. Koma kan matsi da fulot da cok. In duk lafiya, akwai wani tantani a ƙarƙashin murfin Weber da zuƙa ke riƙewa don ya hana ƙarin mai sai an danne totur. In ya yage, ƙarin man ba ya tsayawa dare da rana.

Maƙogwaro na biyu da ƙarfe yake buɗewa, in na farko ya kai kusan kashi biyu cikin uku. Za ka ji feda ta ɗan yi nauyi a wurin. Wanda ya koyi tsayawa kafin wannan gaɓar shi ke cin ribar 32/36 a gidan mai. Bayan tafiya mai ɗan nisa ciro fulogi huɗun ka jera su: ruwan ƙasa mai haske shi ake so, fari fat yunwa ce, baƙi mai gari ƙoshi ya yi yawa. In ɗaya ya fita daban da sauran, koma ka duba abin da ka jona a reshensa. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a rubuta, a sake fita.

Ƙaramar matatar iska mai ƙyalli da ke zuwa tare da kafiretar kyau gare ta a ido, amma ba a yi ta don hanyar Agadas ko ƙurar Disamba ba. In za ka iya, nemi adaftan da zai mayar maka da babban gidan matata na asali. In ba hali, wanke ta ka shafa mata manta a kai a kai, ka shafa ɗan giris a inda take zama a kan kafireta. Bayan inji ya yi zafi ya huce sau uku ko huɗu, sabon gasket yana kwanciya, notocin gindi su saki. Bi su da ƙaramar sufana, ka sake jona geji, ka ga ko allura tana nan inda ka bar ta.